Tarihi ne ko ƙage? Gardamar masu karatu a Damargu kan littattafan yaƙi da na bincike

A Tanut da Belbeji, kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, littafin labari na Hausa yana shigowa ta hanya biyu. Akwai na takarda, wanda ƴan kasuwa ke sarowa daga Kano su biyo da shi ta Damagaram, a yi ta aronsa hannu zuwa hannu har bangonsa ya cire. Akwai kuma na cikin salula, wanda wani ya karanta da murya aka naɗa, ana tura shi ta WhatsApp ko a zuba wa mutum a katin waya, ya saurara ko da bai taɓa shiga lakwal ba. Littattafan soyayya ne suka fi yawa, amma akwai wasu iri biyu da ke yawan tada gardama a fada da wuraren shan shayi. Na farko su ne littattafan yaƙi, masu cakuɗa tarihi da aljanu da tsafi. Na biyu su ne na bincike, waɗanda ake buɗe su da kisa ko sata, a yi ta bin sawu har a gano mai laifi.

Tambayar da ake ja-in-ja a kanta ita ce: idan marubuci ya ɗauki sunan sarki na gaske da gari na gaske ya jingina musu abin da bai faru ba, gyara ya yi wa tarihi ko ɓarna? Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan rubutun Hausa ya yawaita, yara da yawa za su fara jin labarin kakanninsu ne daga bakin marubucin labari, kafin su ji shi daga malamin tarihi.

Gardamar ta girmi salula

Cakuɗa tarihi da al'ajabi ba sabon abu ba ne a rubutun Hausa. A 1933 Rupert East, Baturen Ingila da ke shugabantar hukumar fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai. Daga gasar aka samu littattafai biyar da aka fara bugawa a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Biyu daga cikinsu sun isa su nuna inda masu karatu ke rabuwa har gobe. Ganɗoki ya fara da abin da ya faru da gaske, wato yaƙin da Turawan Ingila suka yi da Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, wanda suka ci garinsa a 1901. Daga nan sai jarumin ya nausa gabas tare da ɗansa Garba Gagare, ya faɗa ƙasashen aljanu yana yaƙi yana musuluntarwa, kafin ya dawo gida ya tarar da mulkin Turawa ya zauna. Shaihu Umar kuwa ya tsaya kusa da ƙasa: yaro ne aka sace, aka sayar, aka ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi bayansa har ita ma ta faɗa bauta. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976.

Masu son Ganɗoki suna yaba kirari da zafin fage da yadda harshen ke tafiya kamar kiɗan ganga. Masu sukarsa suna nuna ƙarshensa, inda jarumin da ya yi wa Nasara tirjiya ya dawo yana yaba tsarinsu, suna tunatarwa cewa hukumar mulkin mallaka ce ta buga littafin. Shaihu Umar kuma yana da wata daraja ta daban ga mutumin Damargu, domin irin ayarin da littafin ya siffanta ya sha ratsa wannan ƙasa a hanyarsa daga Kano zuwa Tarabulus.

Daga shekarun 1980 zuwa yau, adabin kasuwar Kano ya ƙara faɗaɗa wannan fage. Abdulaziz Sani Madakin Gini ya yi suna da littattafan yaƙi masu sadaukai da bokaye da biranen da babu su a taswira, ana fitar da su kashi-kashi, mai karatu ya gama na ɗaya yana jiran na biyu. Irin waɗannan ba su cika jawo rigimar tarihi ba, tunda kowa ya san ƙage ne. Rigimar takan taso ne idan sunan da ke cikin littafin yana da jikoki a raye.

Darasin Sarauniya

Babu misalin da ya kai na Sarauniya a Nijar. Abdoulaye Mamani, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932, ya yi siyasa a Damagaram ƙarƙashin jam'iyyar Sawaba, ya yi gudun hijira, ya kuma sha ɗauri bayan dawowarsa gida. A 1980 ya fitar da littafinsa Sarraounia da Faransanci. Labarin ya ginu ne a kan abin da ya faru a watan Afrilun 1899 a Lugu, cikin ƙasar Arewa ta Dogon Dutse, inda rundunar Voulet da Chanoine ta gamu da tirjiyar Azna. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ya rasu a hatsarin mota a 1993.

Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai da Elara Bertho ta Faransa sun gwada littafin da takardun sojan Faransa da kuma abin da mutanen Lugu ke faɗa da bakinsu. Abin da ya bayyana shi ne takardun Nasara ba su yi dogon bayani a kanta ba, kuma a Lugu sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da ake gada, mai riƙe da shi tana zaune ne a keɓe. Ƙuruciyarta da horon yaƙin da aka ba ta da jawaban da take yi wa mayaƙa, yawancinsu aikin alƙalamin Mamani ne. Duk da haka, Sarauniyar littafin ce ta shiga lakwal da waƙoƙi da raye-rayen gargajiya da sunayen ma'aikatu, har hukumomin da suka zo bayan 2023 suka sa wa wata lambar girmamawa ta ƙasa sunan Sarauniya Mangu.

Kowane ɓangare na masu gardama yana kafa hujja da wannan. Wasu na cewa ba don littafin ba, da sunan ya tsaya a Lugu da ƙauyukan kewaye, ƴan Nijar kuma su rasa wata jaruma da suke alfahari da ita. Wasu na cewa nasarar littafin ce ma abin tsoro, domin ɗalibai da yawa ba su san inda takarda ta tsaya da inda marubuci ya ɗora ba.

Inda masu karatu suka rabu

Idan aka tattara abin da ake faɗa, za a ga ra'ayoyin sun kasu gida huɗu.

Akwai masu neman nishaɗi, waɗanda ke ganin littafin labari ba kotu ba ne. A wurinsu, in dai labari ya riƙe mutum har ya manta shayi na kan wuta, marubuci ya biya. Sukan ce maroƙa da makaɗan fada ma suna ƙara gishiri a kirarin sarakuna, ba a taɓa kai su ƙara ba.

Akwai masu kishin tarihi, galibi malaman lakwal da ɗaliban jami'ar André Salifou ta Damagaram da dattawan da suka gaji labarin gidajensu. Hujjarsu ita ce tatsuniya tana sanar da kanta. Da an ce "ga ta nan ga ta nanku", yaro ya san Gizo za a yi, a ƙarshe kuma mai ba da ita yakan amsa da bakinsa cewa ƙarya ya shirga. Littafi bugagge ba ya yin haka. Mutum yana ganin shekara da sunan gari da sunan sarki a rubuce sai ya ɗauka tabbas ne, ballantana wanda ya ji shi a salula ba tare da ya ga bangon littafin ba.

Akwai masu dubawa ta fuskar addini. Ba samuwar aljanu suke musu ba, damuwarsu ita ce littafin da boka ke yin nasara a cikinsa, ko laya da tsafi su zama su ne ke ceton jarumi. Wannan suka ta taɓa yin zafi a Kano, inda a 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a, ko da yake na soyayya aka fi nufa a lokacin. Marubutan littattafan yaƙi da dama sun saba kauce wa wannan zargi ta hanyar sa mai imani ya rinjayi matsafi a ƙarshen labari.

Na huɗu su ne masu tambayar wa aka ba jarumta, wa aka mai da mugu. A ƙasa irin Damargu, inda Hausawa da Dagirawa da Abzinawa da Fulani da Larabawa ke cin kasuwa ɗaya suna shayar da dabbobi a rijiya ɗaya, wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Labarin hari da bauta na ƙarni na 19 ya taɓa gidaje da yawa, wasu ta wajen masu kamawa, wasu ta wajen waɗanda aka kama. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffukan da doka ke hukuntawa, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria da aka kafa a 1991. Littafin da ya ɗora wa ƙabila guda dukan mugunta, ko ya ambaci asalin wani gida da sunansa, yana iya tada abin da aka daɗe da binnewa. Mata masu karatu kuma suna da nasu ƙorafin: a yawancin littattafan yaƙi mace ganima ce ko gimbiyar da ake ceto, abin da ya sa Sarauniya ta fita daban.

Mai bincike da mabiyin sawu

A littattafan bincike, ma'aunin masu karatu daban ne. Waɗanda suka yi lakwal da Faransanci sun saba da Agatha Christie da kwamishina Maigret na Georges Simenon, irin littattafan da ake shimfiɗawa a ƙasa a bakin kasuwannin Yamai da Damagaram. A Hausa kuwa, gasar da aka yi a Najeriya ta fito da littattafai a 1982 irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai magana kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mai cike da kisa da makirci. Daga baya marubuta irin su Nazir Adam Salih, mai Kibiyar Ajali, suka ci gaba da rubuta labaran sarƙaƙiya.

Mutumin Damargu bai buƙaci a koya masa mene ne bincike ba. A ƙasar makiyaya, idan raƙumi ko saniya ta ɓata, mabiyin sawu ake nema. Shi ne zai duba ƙasa ya faɗi ko dabbar na ɗauke da kaya, ko janta ake yi ko korarta, ko da dare ta wuce ko bayan raɓa ta sauka. Wannan sana'a tana da alaƙa ta kusa da asalin littafin binciken kansa. A cikin tsofaffin labaran Larabawa akwai na ƴaƴan Nizar, waɗanda suka siffanta wa wani mutum raƙuminsa da ya ɓata ba tare da sun gan shi ba. Sun gane mai ido ɗaya ne saboda gefe guda kawai ya ci ciyawa, sun gane ba shi da wutsiya saboda kashinsa a tare yake wuri ɗaya. Mai raƙumin ya zarge su da sata, sai da suka yi bayanin hujjarsu. Wani labari mai kama da wannan ya isa Turai, Voltaire ya yi amfani da dabarar a Zadig a ƙarni na 18, Umberto Eco kuma ya buɗe Le Nom de la rose na 1980 da wani malamin coci da ya siffanta dokin da ya tsere daga sawunsa da sauran alamun da ya bari.

Saboda haka babban abin da masu karatu ke ƙi a littafin bincike shi ne zamba. Idan marubuci ya ɓoye sawun, sai a shafin ƙarshe aljani ko mafarki ya tona asirin mai kisa, mai karatu yakan ji an cuce shi, domin ba a ba shi damar gwada basirarsa ba. Marubucin Mali Moussa Konaté, wanda ya rasu a 2013, ya nuna wata hanyar warware wannan. A littafinsa L'Empreinte du renard na 2006, kwamishina Habib ya je ƙasar Dogon binciken mace-macen da mutanen gari ke dangantawa da abin ɓoye. Littafin bai raina imanin mutanen ba, amma ɗan sandan ya ci gaba da neman hannun ɗan Adam a cikin lamarin. Irin wannan daidaito ne masu karatu da yawa ke nema: a bar al'ada da kwarjininta, a bar hujja ta yi aikinta.

Tarihin da ke jiran marubuci

Wani ƙorafi da ya haɗa kusan dukan ɓangarorin shi ne littattafan da ake karantawa a Damargu ba su cika zancen Damargu ba. Ana jin Kano da Katsina da Bagadaza da Misra, ba a jin Gangara ko Tarka ko Olelewa. Alhali kuwa ƙasar tana da abin rubutawa.

Damargu ta kasance rumbun hatsin Abzin, ayarin Kel Ewey na saukowa da gishirin Bilma su koma da gero, fataken Gadamas da Tarabulus kuma suna ratsawa zuwa Damagaram da Kano. A watan Janairun 1851, a ƙauyen Tagelel na Damargu ne matafiya uku na Turai, Heinrich Barth da James Richardson da Adolf Overweg, suka rabu kowa ya kama hanyarsa. Richardson ya bi ta Damagaram ya rasu a watan Maris kafin ya isa Kukawa, Overweg ya rasu a 1852 kusa da tafkin Cadi, Barth kaɗai ya koma gida. Tare da shi ya tafi da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa aka ƴanta, wanda ya ga Ingila da Jamus, ya kuma ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka buga.

A watan Mayun 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou a Damagaram zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, masana tarihi kuma sun kawo dalilai daban-daban, ciki har da tsoron kada ya haɗa kai da Rabe. A ƙarshen Yulin 1899 aka yi yaƙin Tirmini, Faransawa suka shiga birnin, a watan Nuwamba kuma ayarin Foureau da Lamy ya iso daga Agadas bayan ya ratsa Damargu. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu Ɗan Basa da shirya musu makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, lamarin da André Salifou ya rubuta wasan kwaikwayo a kansa, Mahamane Bakabé ya mai da shi fim. Sai yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914. Sai Kawsan, wanda wasu marubuta tarihi ke cewa a Damargu aka haife shi wajen 1880, ya yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917, har rundunar da ta taso daga Damagaram ta karya ƙawanyar. An kashe shi a 1919 a ƙasar Fezzan ta Libiya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai ɗauki littafi guda, na yaƙi ko na bincike. Salifou, ɗan Damagaram da ya rasu a 2022, ya nuna ana iya riƙe sana'o'in biyu ba tare da an cakuɗa su ba. Ya rubuta tarihin sarautar Damagaram a 1971 da na tawayen Kawsan a 1973 bisa takardu da hirar dattawa, ya kuma rubuta wasan kwaikwayon Tanimoune a matsayin aikin adabi, kowanne da sunansa.

Abin da zai rage saɓani

Akwai dabarun da marubutan labaran tarihi a wasu ƙasashe suka daɗe suna bi, waɗanda za su yi amfani a nan. Marubuci yakan ƙara shafi ɗaya ko biyu a ƙarshe ya faɗi abin da ya samu a takarda ko a bakin dattawa da abin da ya ƙaga. Yakan bar sarakuna da manyan abubuwan da suka faru yadda aka san su, ya ƙirƙiro ƙananan mutane, kamar maɗugu ko mai rijiya ko baiwa ko mabiyin sawu, ya ɗora labarin a kansu. Yakan sauya sunan gida ko ƙauye idan abin da zai faɗa zai kunyata waɗanda ke raye. Masu karanta littattafai a rediyo da salula su ma suna da rawar takawa: su faɗi sunan marubuci da shekarar bugu, su kuma sanar tun farko cewa ƙagaggen labari ne, domin sau da yawa ana tura murya ba tare da wannan bayani ba.

Shi kuma mai karatu a Tanut, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Damagaram, ko a Belbeji da ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, yana da wata dama da mai karatu a Kano ko Paris ba shi da ita. Idan littafi ya ambaci rijiya ko zango ko yaƙin da aka yi a ƙasarsa, yana iya zuwa ya tambayi tsofaffin gidansu da limamai da masu riƙe da tarihin sarauta, ya gwada abin da ya karanta da abin da suka gada. Dattawan da suka ji labarin Kawsan da Ƙaƙalaba daga bakin iyayensu suna ƙarewa, kuma salular da ake sauraron littattafan yaƙi da ita tana iya naɗar muryarsu tun suna raye.